Shekarar da Labbo Ya Daina Zagina

Akwai maganar da ke yawo a cikin dangi game da ni da Baba Labbo, Allah ya jiƙansa, kuma na san ta iso kunnuwanku ko da ba wanda ya taɓa tunkarata da ita. Ana cewa na ɗaure masa mota don kada ya fi ni arziki, na kuma haɗa shi da mahaifiyarsa. Rabin maganar gaskiya ne. Na ɗaure motar, na kuma kai ƙararsa wurin Gwaggo Kulu, kuma da za a mayar da ni wancan lokacin da na sake kaiwa. Zancen hassada kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Idona ya fara gajiya, hannuna ya fara rawa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta maku yadda abin ya kasance, kada wata rana ku gaji maganar a karkace ku miƙa wa 'ya'yanku a karkace.

Labbo taubashina ne. Mahaifina da mahaifiyarsa, Gwaggo Kulu, ciki ɗaya sunka fito, ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Ku 'yan yanzu wasan taubasai a baki kawai kunka san shi, mu kuwa a cikinsa munka girma. Tunda na yi wayo har shekarar da zan ba ku labarinta ban taɓa jin Labbo ya kira ni Umaru ba. Muna yara Gajere yake ce mani, da na shiga kanikanci sai ya mayar da ni Baƙin Mai, sunan ya bi ni har tasha. Ni kuma Kan Albasa nake ce masa, don Allah ya ba shi kai mai faɗi daga ƙasa mai tsini daga sama. A al'ada shi ne bawana tunda ɗan mace ne, amma bai taɓa yarda ba, kullum shi ne ubangida ni ne bawa. Zai shigo gidana ya janye akushin tuwo daga gabana, ya cire mani hula a tsakiyar kasuwa ya tafi da ita, ba ni da ikon yin fushi, don a wannan wasa wanda ya yi fushi shi ya faɗi, dangi su yi ta yi masa dariya. Duk shekara in watan cika-ciki ya kama, zai zo ƙofar gidana da wata guntuwar tsintsiya da ta gama cinyewa, ya yi shara biyu ya tura mani ƙurar a kan ƙafa, ya miƙo hannu a ba shi sharar taubashi, wato ɗan kuɗin da ɗan namiji kan ba ɗan mace. Har munka fara furfura ban tuna ranar da munka yi magana ɗaya ta hankali ba. Ko ranar da mahaifina ya rasu, Labbo ya zo ya zauna kusa da ni yana share hawaye da hannun riga, da ya gama sai ya raɗa mani cewa yanzu ba ni da mai tsaya mani, ranar kasuwar Achida zai kai ni ya sayar. Wannan raɗar ce ta fara sa na iya haɗiye ruwa a ranar.

Sana'ata kun san ta. Ina saurayi na shiga aikin madatsar ruwa ta Goronyo, ina wanke ƙarafa a ƙarƙashin manyan injinan tonon ƙasa, can na fara jin kukan turbo. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa wa injin iska da ƙarfi, kamar yadda maƙeri ke zuga wuta da zugazugi. Iska mai yawa, mai mai yawa, ƙarfi mai yawa. Da aikin madatsa ya ƙare na dawo Wurno na kafa rumfata, ina gyara injinan ban-ruwa na masu fadama da motocin tasha, da kunne da sukurudireba, na yi shekaru a haka ba abin da ya gagare ni. Sai zamani ya juya, motoci sunka fara zuwa da ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwati a ɓoye da ke ba inji umarni. Ka saurari inji, ka ji ciwonsa sarai, amma ba dunƙulen ƙarfen da za ka murɗa. Wanda ya cece ni Bitrus ne, mutumin Filato, tare munka yi aikin madatsa, daga baya ya je ya koyo aikin ƙwaƙwalwa ya zauna Sakkwato. Da shekaruna, yara na kirana Baba, na riƙa zuwa wurinsa duk Asabar ina koyon danna kwamfuta da yatsa ɗaya. Ya nuna mani cewa a cikin akwatin nan masu ƙera motar sun rubuta komi: in direba ya taka totur kaza, inji yana juyi kaza, a ba shi mai kaza, turbo ya matsa iska kaza, kada a wuce nan. Wanda ya iya karanta umarnin yana iya sake shi, ya ƙara wa mota ƙarfin ja ko ya ƙara mata gudu. Abu biyu Bitrus ya nanata mani har sunka zauna.

"Umaru, kada ka rubuta wa mota abin da ba ka zauna cikinta ka ji da jikinka ba. Sannan ka tuna inji kaɗai kake ƙara wa ƙarfi. Birki da taya ba su san ka yi ba."

Shekarar da nake ba ku labari albasa ta yi kyau a fadamar Rimawa, inda Labbo yake noma a bakin magudanar ruwa yana kuma haɗawa da tuƙi. Ya sayar da tsohuwar motarsa ya haɗa ya sayo wata doguwa fara 'yar Kwatano, mai shan gas, mai turbo. Ranar da ya kawo ta tun daga kwanar gari yake danna oda, ya zo ya tsaya daidai kan tabarmar sallata. Kwana kaɗan ya dawo da ƙorafi. Motar lafiya lau take a kan kwalta, amma in an loda mata buhuna a fadama za a hau yashi zuwa titi, sai ta yi nauyi kamar mai barci, ya yi ta taka totur ba ta amsa ba, can kuma ƙarfin ya zo mata gaba ɗaya ta tona rami da tayoyi ta zauna.

"Kai Baƙin Mai, wagga mota raguwa ta, awa kai," in ji shi. "Ba ta tashi sai an yi mata tsawa."

"Mota ta san maigidanta," na ce masa. "Wadda bawa yas saya, mi kaka jira ta yi?"

Munka tafi fadama da hantsi, anka loda mata kaya irin wanda take ɗauka kullum, na soka waya a ƙarƙashin sitiyari, na zauna gaba da kwamfuta a kan cinya. Ya hau yashin ya sauko, ya sake hawa, ni ina kallon abin da inji ke yi. Ciwon a fili yake. An ƙera motar don ƙasar sanyi mai shimfiɗaɗɗen titi, turbo ba ya farkawa sai inji ya yi sama da juyi, mu kuwa ƙarfin muke so tun daga ƙasa, tun taya na cikin yashi. Na sa turbo ya fara matsa iska da wuri, na ƙara ɗan mai a ƙananan juyi. Gwajin farko man ya riga iskar, baƙin hayaƙi ya turnuƙe masu cire albasa, sunka bi mu da tari da baƙar magana. Na rage man. Gwaji na biyu ƙarfin ya yi yawa, kuloc ya fara zamewa, na ji ƙaurinsa a hanci, na sake sassautawa. Haka munka yi ta yi har rana ta take, kafin na sami tsakiyar abin. A can sama kuwa, wajen gudu, ban ƙara komi ba. Na ma rage matsin iskar kaɗan saboda zafin bazararmu, na kuma sa mata iyakar gudu, don na ga yadda Labbo ke loda ta ciki da bisa. A take na gaya masa abin da na yi, ya ce in yi ta surutuna. Ya saki kuloc, motar ta taso daga yashi da kayanta a hankali ba tare da ta tona ko taki ɗaya ba, ta hau titi.

"Ashe baƙin mai ma na da rana," in ji Labbo. Iyakar godiyar da na samu ke nan, kuma ta ishe ni.

Wannan rani Labbo ya ci kasuwarsa. Sauran direbobi a bakin titi suke tsayawa sai an fito masu da buhuna a kan jakuna, shi kuwa har bakin gona yake shiga. Matsalar daga kan kwalta ta taso. Mai kayan gwari a kasuwar Sakkwato, wanda ya riga isa shi dillalai ke rufawa, na baya ya sami ragowar ciniki. Akwai wani direba mutumin Rabah mai mota irin ta Labbo sak, ya kai ta wani babban gari anka buɗe mata turbo har ƙarshe, anka cire mata iyaka. Kullum sai ya bari Labbo ya yi nisa, ya zo ya wuce shi bayan Achida, ya fito da hannu ta taga yana yi masa sai an jima. Kafin wata ya ƙare 'yan tasha sun raɗa wa motar Labbo suna Hajiya Sannu. Labbo yana iya shanye kowane zagi daga bakina, amma dariyar wanda ba taubashinsa ba ba ya iya haɗiye ta. Ya zo rumfata ya jefa mani makulli a cinya.

"Kwance ta."

Ban ƙi ba da farko, ku riƙe wannan. Na ce sai na gwada na ji da jikina. Na rubuta mata tsari mai ƙarfi, na ƙara matsin iska, na ƙara mai, na cire iyakar, anka cika ta da buhuna ciki da bisa kamar yadda ya saba, sai dai na hana a ɗauki mutum ko ɗaya, don a ranar kasuwa mata har huɗu yake cusawa a kujerar gaba da ta tsakiya. Munka hau kwalta. Ba zan ɓoye maku ba, abin da daɗi. Motar ta miƙe, turbo na fito, itatuwa na wucewa, ni kaina na ji alfahari da aikin hannuna. A kan kwamfuta ina ganin zafin hayaƙi yana hawa fiye da yadda nake so, amma wannan ciwon inji ne, inji kuwa ana sake shi. Wajen Kwargaba munka hango shanu suna tsallaka titi. Daga nesa munka hango su, Labbo kuma ya taka birki a kan lokaci, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Motar ce ta ƙi jin magana. Nauyin albasa ya tura mu gaba, birki ya ɗau zafi, ƙauri ya cika motar, muna ta tafiya muna ta tafiya, sai da hancinta ya shiga tsakanin shanun ƙarshe sannan ta tsaya. Makiyayin ya dube mu, ya dubi saniyar da ta kusa rasa ƙafa, ya kora dabbobinsa ya wuce. Labbo ya bushe da dariya yana dukan sitiyari.

"Ka gani? Ta tsaya."

Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Ban bari ya tayar ba sai da na mayar da tsohon tsarin a nan bakin titi, sannan na juya na dube shi.

"Labbo, ba wasa nika yi ba. Motar ga ba ta da birkin wanga gudu. Da mutane na ciki yau, da wani zance akai."

"Ji shi," in ji Labbo. "Yau kuma bawa ya zama liman. Sake yin huskar ga in gani."

Nan ne fa na gane ramin da nake ciki. Shekara da shekaru duk abin da ya fito bakina zuwa kunnen Labbo wasa ne, yanzu ga ni da maganar rai da mutuwa, ba ni da muryar da zan faɗa masa ita. In na ɗaure fuska sai ya ce na ƙware, ya kira 'yan tasha su zo su ga yadda nake kwaikwayon mai wa'azi. Na same shi a gida, na same shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, na ce ya rage lodi in ƙara masa gudu, ya ce lodin ai shi ne sana'ar. Na rantse masa, ya ce rantsuwar bawa ba ta kama ubangida. Ya ba mutane labarin yadda rago ya taɓa korata ina yaro har na faɗa kwata, ya ce tsoron nan ne bai sake ni ba. Rana ta ƙarshe ya fizge hular kaina, sabuwa ce innarku ta saya mani, ya cusa a aljihu, ya ce kasuwa mai zuwa zai wuce garin da mutumin Rabah ya je.

"Ba kai ɗai ad da kwamfuta ba duniya, Baƙin Mai."

Gaskiyarsa ne, ba ni kaɗai ba ne. Ƙin da na yi bai tsare komi ba, wani zai buɗe masa ita bai tambayi nauyin da take ɗauka ba. Mutum ɗaya ne a duniya in ya yi magana Labbo ba ya dariya. Da na gaya wa innarku inda za ni, tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar.

"Malam, wasan taubasai ba a kai shi gaban manya. In kak kai shi, ka kashe shi."

"Gara wasa shi mutu da Labbo shi mutu."

"To kai kaz zaɓa," in ji ta. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba.

Da safe na sami Gwaggo Kulu a tsakar gida a Rimawa tana tsintar wake a faifai. Ta tsufa a lokacin amma idonta da kunnenta garau. Ba ta san turbo ba, ba ta san ƙwaƙwalwar mota ba, na ce mata bijimi ne anka ƙara wa ƙarfi igiyarsa kuwa ta ɗan maraƙi ce, na ba ta labarin shanun Kwargaba. Ta saurara har na gama hannunta bai bar waken ba.

"Umaru, wasanku na ko gaskiya ta?"

"Gaskiya ta, Gwaggo."

Ta aika a kira shi. Ya shigo yana dariya, ya gan ni a kan tabarma kaina a sunkuye, ya buɗe baki zai fara, ta ce ya zauna. Matansa na bayan zana, ana jin motsinsu.

"Labbo, motarka yadda Umaru yab bar ta, hakanan za ta zamna. In kab bari wani yaƙ ƙara mata gudu, nan ko wani gari, ban yahe ma ba."

Babban mutum mai furfura, mai mata da 'ya'ya, an ja masa kunne a gaban iyalinsa kamar yaron da ya saci gyaɗa, kuma ni na jawo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Ya sa hannu a aljihu ya fito da hulata, ya kaɗe ta, ya gyara mata kari, ya miƙo mani da hannu biyu.

"Malam Umaru, ga hularka. Na gode."

Ranar ce ya fara kiran sunana, kuma ban taɓa jin sunana ya yi mani ɗaci haka ba.

Labbo ya riƙe maganar mahaifiyarsa, bai kai motar ko'ina ba. Zan so in ce maku mutumin Rabah ya gamu da abin da na ji wa Labbo tsoro, don ku ce babanmu ya yi hangen nesa, amma ba haka anka yi ba, kuma ba na yi masa fata. Ya yi shekaru yana tsere lafiya lau, ya sayi mota ta biyu, ya sauke farali. Labbo kuwa dillalan Sakkwato sunka zame masa ɗaya bayan ɗaya, ya koma ɗauko kaya daga gona zuwa tasha, wasu su ɗauka su kai birni su ci ribar. Bai rasa abinci ba amma bai ƙara gaba ba, mutane kuma sunka ce ni na taka masa arziki. Ba ni da abin da zan nuna masu, don hatsarin da bai auku ba ba ya da shaida. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina ladabin Labbo ne. Ya ci gaba da kawo mani motar juyen baƙin mai da gyaran birki, ya tsaya daga bakin rumfa ya yi sallama kamar baƙo, ya rage tsawo, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, in na gama ya yi godiya ya tafi. Manyanku sun ga wannan, har wasu baƙi kan nuna shi su ce ga mutum mai girmama ɗan'uwa. Wata rana a wurin suna na yi ƙarfin hali na ce, "Kan Albasa, matsa mani." Ya miƙe tsaye ya ce, "Bismilla, Malam," ya bar mani tabarmar gaba ɗaya. Wallahi da mari ya yi mani da ya fi mani sauƙi. Da watan cika-ciki ya kama na sa sharar taubashi a aljihu na zauna ƙofar gida tun safe, na ƙi zuwa rumfa, na hana a share wurin. Har azahar ba Labbo ba tsintsiyarsa. Da la'asar innarku ta fito ta share ƙofar da kanta, ba ta ce mani ai na gaya maka ba, Allah ya saka mata. Haka na riƙa zama duk shekara.

Shekaru sunka tafi a haka har Allah ya karɓi ran Gwaggo Kulu. Bayan an share makoki, wata rana da hantsi sai ga farar motar ta tsaya gaban rumfa, nesa da tabarmar salla. Ta tsufa, fenti ya koɗe, bisanta ya lotsa saboda buhuna. Labbo ya yi sallama, ya yi gaisuwarsa ta kullum har ƙarshe, sannan ya ajiye makullin a kan benci a hankali.

"Malam Umaru, Inna tac ce yadda kab bar ta. Ba ni kai ta wurin wani, ko tana da rai ko ba ta da rai. Kai ɗai ka iya kwance ta. Ina roƙo."

Na soka waya na buɗe kwamfuta. Aikina ne a ciki yadda na bar shi a bakin titin Kwargaba, ba wanda ya taɓa ko ɗigo. Tsarin mai ƙarfin ma yana nan a ajiye, kafin a sha shayi kofi ɗaya na gama rubuta mata shi. Zuciyata ta ce mani, yi masa, wataƙila ka sami ɗan'uwanka. Na so in yi, Allah ya sani na so. Amma na leƙa na ga birkin nan dai shi ne, ya ma ƙara tsufa, igiyoyin ɗaure buhuna na nan a bisa, ga ɗankwalin wata mata da ta manta a kujerar tsakiya. Na rufe kwamfutar.

"Ba ni kwance ta, Labbo. Ba don Gwaggo ba, ba don inji ba. Ranar shanun Kwargaba na ga kaina ina wanke gawarka, kuma ba ni iyawa. Ka yi ta ce mani Malam har in mutu, na yarda, in dai kana da ran da za ka hwaɗi."

Wannan karon bai yi dariya ba. Wani mai injin ban-ruwa da ke jira ya ga abin ba nasa ba ne ya koma inuwa. Can idon Labbo ya sauka a kan hannuwana, ya daɗe a kansu.

"Kai za ka wanke ni?" in ji shi. "Da waɗanga hannuwa? Haba Baƙin Mai, ai sai likkahwani shi yi baƙi tun ba a kai ni ba."

Ya fizge hulata ya ɗora a kan tasa, ya ɗauki makullinsa, ya ja Hajiya Sannu ya tafi da gudun da na yanka mata. Na zauna a kan benci kaina ba hula, hawaye na zuba ina dariya, mai injin ban-ruwa ya ɗauka taɓuwa na yi. Bai sake roƙona in kwance ta ba, a ɗaure ta ƙare rayuwarta har anka sayar da ita ga masu gwangwan. Da cika-ciki ya zagayo sai ga shi da tsintsiya, ya ce sharar duk shekarun da bai zo ba tana kaina. Zancen hassadar da kunka ji kuwa, daga baya shi da bakinsa ya fi kowa yaɗa shi, a wurin biki da wurin suna, yana nuna ni yana cewa ga bawan da ya ɗaure dokin ubangidansa. Shi wasa yake yi, waɗanda ba su san mu ba sunka ɗauka tarihi ne.

Bara Labbo ya rasu a ɗakinsa a Rimawa, a kan shimfiɗarsa, bayan 'yar gajeriyar jinya, 'ya'yansa da jikokinsa na kewaye da shi. Babban ɗansa ya zo ya durƙusa ya ce ni ake so in yi masa wanka tare da liman. Na ce a ba ni toka da sabulu. Na zauna a bakin rijiya ina cuɗa hannuwana, ina bin ƙarƙashin farce da tsinke, na ɗauraye na sake, har mutane sunka fara kallona, liman ya aiko a ga ko lafiya. Baƙin man da ya yi shekara da shekaru yana shiga fata ba ya fita a safiya ɗaya, amma na yi iyakar ƙoƙarina. Sannan na shiga na wanke shi, likkafanin kuma bai yi baƙi ba.